Sauron da Ba Ya Jiran Dare

Daren da zan bar Kano zuwa Bangaladash, a watan Janairun 2022, Umma da kanta ta shirya mini akwati. Ta sa kuka da daddawa da yaji, ta naɗe kilishi a jarida ta tura gefe, sannan a can ƙasan kaya ta cusa gidan sauro sabo fil, da kwali uku na maganin maleriya, da katin ibufurofen biyu da ta aika aka sayo a kemis ɗin bakin layinmu. Tana danne murfin akwatin da gwiwa ta ce, "Auta, an ce ƙasar ruwa ce, inda ruwa yake kuwa sauro yana nan. Kada ka kuskura ka kwana ba gidan sauro. In ka ji zazzaɓi kada ka tsaya jan jiki, ka sha magani." Na ce to, Umma. Allah ya sani na riƙe maganarta, ban taɓa kwana a Dhaka, babban birnin ƙasar, ban saki gidan sauro na cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ba. Duk da haka sauro ne ya kwantar da ni kwana shida a asibiti, kuma maganin da ta zuba mini don ƙauna yana cikin abin da ya ƙara dagula jikina. Ita ba ta da laifi, abin da ta sani ta ba ni. Ni ne na san abin da ya fi nata, na ƙi aiki da shi.

Karatun kimiyyar kwamfuta ne ya kai ni. Mu huɗu muka kama haya a hawa na uku na wani bene a Uttara, arewacin Dhaka, inda ake jin tashin jirage dare da rana: ni, da wani ɗan Zariya da muke ɗaki ɗaya, da ɗan Maraɗi, da ɗan Garwa ta Kamaru. Irin wannan gida da ɗalibai ke haɗa kuɗi su kama, mes suke ce masa. Hausa muke yi a cikin gida, ranar Juma'a mu tuƙa tuwon shinkafa, mu yi gardamar ƙwallo har tsakar dare.

Babu wanda zai yi damina ɗaya a Dhaka ya ce bai ji sunan zazzaɓin dengue ba, wanda mutanen ƙasar ke furtawa dengu. Tun daga Yuni da ruwa ya kankama har bayan Oktoba, zancensa ke nan a teburin mai shayi, a talabijin, a allunan bakin titi. Hoton sauron yana manne a ƙofar masallacin unguwarmu, baƙi da farin zane a ƙafafu da gadon baya kamar an ɗiga masa alli. Magajin garin Dhaka ta Arewa na lokacin, Atiqul Islam, yana da wani take da ake ta maimaitawa da lasifika har mu baƙi muka haddace: "Tin dine ek din, joma pani fele din," wato cikin kowane kwana uku ka ware rana ɗaya ka zubar da ruwan da ya kwanta. Da la'asar ma'aikata kan shigo layi da injin feshi a kafaɗa, farin hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Kotun tafi-da-gidanka tana cin masu gine-gine tara in an sami tsutsar sauro a harabarsu. A 2019 sama da mutum 100,000 ciwon nan ya kwantar a ƙasar, don haka kowa ganau ne.

A watan Yulin 2023, muna zaune a ɗakin cin abinci na makaranta, wasu ɗalibai mata biyu masu karatun kiwon lafiyar al'umma suka zo suna raba takardar tambayoyi, aikin kammala karatunsu ne. Kashin farko tambayoyin sani ne. Wane sauro ke yaɗa dengu? Aedes. Yaushe yake cizo? Da rana, musamman bayan fitowar rana da kuma dab da magariba. A ina yake ƙwai? A ruwa mai tsabta da ya kwanta cikin mazubi. Wane magani ne ba a sha? Asfirin da ibufurofen. Duk na amsa ko kai ban ɗaga ba. Kashi na biyu tambayoyin aiki ne: sau nawa kake duba inda ruwa ke kwanciya a gidanku, kana shafa man korar sauro da rana, kana sa riga mai dogon hannu? A nan na yi ƙarya. Na zaɓi "duk mako", alhali tun da muka tare a gidan ban taɓa leƙa bayan firji ba. Ɗan Zariya ya leƙo takardata ya kwafa. Har yau ƙaryar nan tana damuna, domin yaran sun ɗauki amsata sun zuba cikin lissafinsu a matsayin gaskiya.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya raba sanina da aikina. Abin da na gano shi ne, ilimin dengu a kwanyata yake zaune, jikina kuwa da ilimin maleriya ya tashi. Mu a gida sauro na dare ne. Sai an yi isha'i za ka ji kukansa a kunne, a kunna igiyar leƙo ko a fesa fiya-fiya a rufe ɗaki, a saki gidan sauro, gari na wayewa an rabu da shi. Kuma a tunaninmu gidansa kwata ce da kududdufi da lambatu mai wari, inda ke da tsabta ba ya zama. Gidanmu kuwa tsaf yake, tayil har banɗaki, ga shi a hawa na uku. Saboda haka in sauro ɗaya yana shawagi a ƙarƙashin teburin karatuna da ƙarfe takwas na safe, ina zaune da gajeren wando, ba ya ma shiga lissafina, in kaɗa ƙafa in ci gaba da aiki. Bayan la'asar mu hau saman bene shan iska da singileti, ko mu zauna a bencin mai shayi har a kira magariba, daidai lokacin da takardar nan ta tambaye ni na kuma amsa daidai. Akwai kuma maganar da muke yi wa juna: wanda ya sha cizon sauron Kano da na Maraɗi ya rayu, me sauron Dhaka zai yi masa? Alhali maleriya ba ta taɓa ba kowa kariya daga dengu ba. Ƙwayar cutar daban, sauron daban, girman kai ne kawai ya hana mu tsayawa a kan wannan.

Wata Lahadi a farkon Satumba, wadda a can ranar aiki ce tun da Juma'a da Asabar ake hutu, ina cikin lakcar safe sai na ji sanyi ya ratsa ni. Kafin azahar jikina ya zama garwashi. Ciwon kan ba irin wanda na saba ba ne, a bayan idanu yake, in na juya ido gefe sai in ji kamar ana murɗa jijiya. Ƙugu da gwiwoyi da kafaɗu kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa. Ma'aunin zafin ɗan Garwa ya nuna 40. Na buɗe akwati na haɗiyi ƙwaya huɗu na maganin maleriya, na bi da ibufurofen saboda ciwon gaɓoɓi. Wallahi a lokacin sunan dengu ya gifta a raina, na kore shi, na ce maleriyar gida ce ta motsa. Kwana biyu ina haka safe da dare, da rana kuma in kwanta a kujerar falo don ta fi samun iskar fanka, babu gidan sauro, ai rana ce.

A rana ta uku wani abokin karatuna ɗan ƙasar, mutumin Sylhet, ya zo kawo mini takardun lakca. Ya dube ni, ya dubi katin maganin da ke kan tebur, ya ɗauke shi ya jefa aljihu ya ce, "Bhai, tashi mu tafi gwaji." Bhai a harshensu ɗan'uwa ke nan. Na ce ai na fara shan magani. Ya ce maleriyarsu tana can tsaunukan Chittagong da bakin iyaka, a Dhaka kuwa zazzaɓin Satumba dengu ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Ya tare mana a-daidaita-sahunsu, kore mai ragar ƙarfe da suke kira si-en-ji, muka tafi.

Gwajin da ake kira NS1 aka yi mini, shi ne ke kama cutar a kwanakin farko na zazzaɓi, ya kuwa nuna tana nan. Likitar dattijuwa ce. Ta tambayi abin da na sha, da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce dengu yana rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare in an ji rauni, filatilet, su kuma ibufurofen da asfirin da dikulofenak suna hana ragowar yin aiki, su ci bangon ciki, sai jini ya ɓalle. Farasitamol kaɗai zan sha, wanda a can kowa ke kira Napa, shi ma kada ya wuce ƙa'ida saboda hanta. Ta ce babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, ruwa ne abin yi: ruwan gishiri da sukari, ruwan ɗanyar kwakwa, romo, sannan gwajin jini kullum. Daga nan ta kafe ni da ido ta ce, "Ranar da zazzaɓin ya sauka, ita nake tsoro. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan saukarsa su ne masu haɗari. In ka ji ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi, ko haɓo, ko hannu da ƙafa suka yi sanyi, ko fitsari ya ragu, ko tsakar dare ne ka taho."

Ranar Alhamis, kwana na biyar, na farka da asuba jikina sanyi ƙalau, zufa ta jiƙa zanin gado. Na yi hamdala. Ina da jarrabawar tsakiyar zango ƙarfe goma, kuma tallafin karatuna da sakamako yake rataye. Na ce da ɗan Zariya na warke, ba zan je gwajin jinin yau ba. Maganar likita ina tune da ita sarai, amma na ce ai masu raunin jiki take nufi. Na ɗauki aswaki zan yi alwala, na goga sau biyu, na ciro shi na ga bakinsa ja. Na tofar, jini. Na kuskure baki na sake tofarwa, jini dai. Na tsaya ina kallon aswakin nan a hannuna, ruwan famfo yana zuba, sannan na ce da kaina ƙila na danna da ƙarfi ne. Na jefa shi a kwandon shara, na yi salla, gari ya waye na sa riga na fita.

Ban gama jarrabawar ba. Ina kan tambaya ta biyu ciwo ya soke ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, na fita na yi amai sau uku a jere, ko ruwa ba ya zama. Yatsuna suka yi sanyi, ina zufa, ga ƙishirwa kamar mai azumi a tsakiyar bazara. Abin da nake iya tunawa bayan nan shi ne mutumin Sylhet yana tallafe da kaina a cikin si-en-ji yana yi wa direba magiya, titi ya cushe, ƙahon motoci ta ko'ina.

Asibiti biyu muka je babu gado, a na uku aka karɓe ni. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Gado a ɗaki, gado a baranda, katifu a ƙasa har bakin matakala, kowanne an sakar masa gidan sauro da rana tsaka don kada sauro ya ciji mai ciwo ya kai wa mai lafiya. Ina kwance ana neman jijiya a hannuna na tuno kwanakin da na yi a kujerar falo a buɗe, gabana ya faɗi.

Abin da ke faruwa a jikina, kamar yadda wani matashin likita ya yi mini bayani daga baya, shi ne jijiyoyin jini sun fara yoyo. Ruwan jini yana tsiyayewa daga cikinsu ya taru a ciki da kewayen huhu, jinin da ya rage ya yi kauri, bugunsa ya yi ƙasa. Mutum yana iya zama yana hira da kai garau, cikin 'yan sa'o'i ya faɗi. Mu marasa lafiya da masu jinya filatilet kawai muke tambaya, kowa riƙe da takardarsa. Na mai lafiya daga 150,000 yake farawa. Nawa 61,000 ne ranar da aka kwantar da ni, washegari 34,000, ranar Asabar 22,000. Amma likitan ya ce shi kaurin jini da bugunsa da yawan fitsari ya fi sa wa ido, domin yoyon nan ne ya fi kashewa. Ƙarin ruwan ma da ma'auni ake yinsa, in ya yi yawa ya taru a huhu. Nas ta ba ɗan Maraɗi gora ta ce ya riƙa auna fitsarina yana rubutawa, ya kuwa yi kwana uku yana wannan aiki ko fuska bai taɓa yamutsawa ba, Allah ya saka masa da alheri. Ledar ƙarin ruwa ta yi wuya a garin a lokacin, sai da ɗan Garwa ya zagaya kemis biyar kafin ya samo, ɗanyar kwakwa kuwa kuɗinta ya ninka.

A gadon da ke damata akwai wani yaro ɗan ƙasar, ɗalibin shekarar farko a wata jami'a, bai fi shekara 19 ba. Mahaifiyarsa ba ta jin Turanci, ni kuma harshensu kaɗan nake tsinta, amma duk sanda ta fasa masa kwakwa sai ta zuba mini rabi a kofi ta miƙo ta ƙarƙashin gidan sauro ta ce, "Khao, baba," wato sha, ɗana. Su yaro namiji baba suke ce masa don ƙauna. Wansa ya gaya mini karo na biyu ke nan da dengu ya kama shi, na farko a 2019. Sai a nan na gane abin da na taɓa karantawa na wuce: ƙwayar cutar iri huɗu ce, wanda ya kamu da ɗaya ya sami kariya mai ɗorewa daga ita kaɗai, in wata daban ta same shi daga baya ciwon ya fi zuwa da tsanani. A 2023 nau'i na biyu ne ya fi yawo a ƙasar, bayan shekarun da na uku ya yi yana kama mutane. Daren Asabar numfashin yaron ya canza, aka tura gadonsa da gudu. Da safe wani ne a wurin. Mahaifiyar ta dawo ɗaukar tabarmarta da filas, ba ta ce komai ba, ta dafa ƙafata ta saman gidan sauro ta wuce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum 396 dengu ya kashe a Bangaladash a wannan Satumbar kaɗai. Ban taɓa sanin sunan yaron ba, amma ina sa shi a addu'a.

Yayata da ke aure a Sakkwato kaɗai ɗan Zariya ya sanar, ita ta ce kada a gaya wa Umma sai na iya magana da kaina. Da Umma ta ji muryata ta ce, "Auta, ba ka shiga gidan sauron ne?" Na ce ina shiga, Umma, wannan da rana yake cizo. Ta yi shiru, can ta ce, "Maganin da na sa maka fa, ka sha?" Na ce na sha. Sauran maganar ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ranar Laraba aka sallame ni, tafin hannu da na ƙafa suna ƙaiƙayi, jajayen ƙuraje sun feso, nas ta ce alamar sauƙi ce. Kasala ta bi ni kusan wata guda, hawa uku sai na huta sau biyu. Ina cikin haka, kwana 18 bayan fara zazzaɓina, ɗan Zariya ya kwanta. Sauron da ya ciji mai dengu yana ɗaukar kwana 8 zuwa 12 kafin ya iya yaɗa cutar, wanda ya ciza kuma kwana 4 zuwa 10 kafin zazzaɓi ya bayyana. Na zauna na lissafa da yatsu, lissafin ya faɗo a kan kwanakin kujerar falo. Nasa ya zo da sauƙi. Ranar farko muka kai shi gwaji, farasitamol da ruwa, gidan sauro dare da rana, a kwana na biyar kuma da ya ce ya warke zai fita, na ja kujera na zauna a bakin ƙofa. Na nemi gafararsa, ya ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce, amma na san ta inda sakacina ya shiga cikinta.

Washegarin kwanciyarsa na kira maigadin gidan, wanda muke ce wa Mama kamar yadda ɗalibai ke kiran masu irin aikinsa, a harshensu kawu ke nan. Muka ɗauki tocila muka bi gidan lungu-lungu. Muka ja firji. A ƙasan bayansa akwai wani faranti na roba da ke tare ruwan da ke ɗiga, ban taɓa sanin da shi ba. Na haska. Ruwan garai-garai, bai kai zurfin gaɓar yatsa ba, a samansa wasu 'yan tsutsotsi sirara suna rataye kai ƙasa, haske na taɓa su suka nutse suna wutsil-wutsil. Na ƙirga ashirin na bari. Taku huɗu ne tsakanin firjin da kujerar da na yi jinya a kanta. Sai duron banɗaki da muke tara ruwa saboda ɗaukewar famfo, murfinsa ya tsage tun bara. Sai kwalbar da ɗan Garwa ya sa wata shuka mai yaɗo a kan taga, da tsohuwar buta a baranda da kowa ya manta da ita. A saman bene kuwa ƙoƙunan kwakwa ne da kofunan shayi na roba da tayar keke, kowanne da ɗan ruwansa. Na zubar da ruwan duro zan mayar da shi mazauninsa, Mama ya riƙe hannuna ya miƙo mini buroshi da omo. Ƙwan wannan sauro a jikin bangon mazubi yake mannewa, dab da saman ruwa, yana iya yin watanni a bushe, ranar da ruwa ya sake taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Kuma ba ya nisan tafiya, wanda ya cije ka galibi a gidanka ko na maƙwabcinka ya tashi. Shi ya sa a ganina hayaƙin feshin nan ya fi kwantar da hankalin jama'a a kan kashe sauro, don shi titi yake bi, sauron kuwa yana ƙarƙashin gado da bayan labule.

Daga nan muka mai da abin al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, kafin a ɗora tuwo, sai mun zagaya gida da saman bene mun zubar mun wanke mun kife. Na koma sa dogon wando da safa in zan zauna karatu, ina shafa Odomos, man korar sauro, da safe da la'asar, domin yanzu ni ma ina layi ɗaya da yaron nan, na yi na farko. Sannu a hankali muka fara shiga gidajen sauran ɗaliban da suka zo daga ƙasashenmu. Ban tarar da ko mutum ɗaya da bai san dengu ba, kowa zai karanto maka Aedes da ruwa mai tsabta. Amma da ka ce mu ja firji sai a ce ai gidanmu babu datti. Saboda haka na daina dogon bayani, tocila nake miƙa wa mutum in ce haska da kanka. Gida bakwai muka shiga kafin damina ta ɗauke, a biyar mun sami tsutsa. Duk wanda ya zo sabo daga gida kuma, kafin in tambaye shi mutanen gida sai na ce ya buɗe mini ledar magungunansa, kuma kusan kullum katin nan yana ciki.

Shekarar ta ƙare da mutum 321,179 da ciwon ya kwantar, 1,705 suka rasu, ya shiga duka gundumomi 64 na ƙasar. Ban ɗauka zancen zai bi ni gida ba. A watan Disamba sai ga sanarwar hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, cewa dengu ya ɓulla a Sakkwato tun Nuwamba, mutum 71 ake zargi, an tabbatar da 13, yawancinsu a ƙaramar hukumar Sakkwato ta Kudu, babu wanda ya rasu. Chadi ta riga ta sanar da nata a Abeche tun Agusta, Burkina Faso kuwa ɗaruruwan mutane ta rasa a shekarar. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a wurinmu duk zazzaɓi maleriya ne. Mutum ya je kemis a haɗa masa maganin maleriya da dikulofenak, in bai ji sauƙi ba a ce taifot ce. Abin da na yi wa kaina a Dhaka shi ne abin da ake yi kullum a bakin layinmu, kuma a can babu wanda zai ɗauke katin daga kan tebur.

Na kira Yaya a daren. Ta ce, "Auta, ai damina ta wuce, hunturu muke ciki, ina sauro zai sami ruwa?" Na ce, Yaya, randa nawa ce a gidanki? Ta ce uku, da duro biyu, ban da jarkokin 'yan ga-ruwa. Na ce gobe da safe ki ɗauki tocila ki leƙa kowacce, har kaskon ruwan kaji da tayar da yara ke wasa da ita. Washegari ina fitowa daga sallar la'asar, su can hantsi ne, saƙon murya ya shigo, ina jin ƙarar buroshi a jikin randa a bayan muryarta. "Na gan su, a randar bayan madafa da ba ma sha. Na zubar, ga shi muna wankewa, Abbansu ya ce zai sayo murfin duro. Me ka ce sunan magungunan da kada a ba yara in suka yi zazzaɓi? Rubuto mini, zan karanta wa Umma, ita ma akwai kati a lokarta."

Na rubuta mata su uku, asfirin da ibufurofen da dikulofenak, na ƙara da cewa a fara yin gwaji. Sannan na ce ta bar mini Umma, ni zan kira ta bayan ta idar da azahar.